Kwalabe Goma Sha Biyu, Famfo Ɗaya

A shekarun da kuɗin mai suka sa ma'aikatan gwamnati tafiya kamar ƙasa ta yi musu kaɗan, aka ba Halliru sabon babur da akwatin katako mai kwalabe goma sha biyu. Aikin ba wuya. Duk wata uku zai zaga rijiyoyin burtsatse da aka haƙa daga Kazaure zuwa Babura, Roni da Gwiwa, ya ɗebi ruwan kowace a kwalbarta, ya rubuta sunan gari, a aika Kano a auna. Ƙasar duwatsu ce, dutse kuwa yakan saki gishirinsa cikin ruwa. Wani gishirin ba ya komai, wani in ya yi yawa sai ya riƙa cin jiki a hankali.

Zagaye ɗaya tak Halliru ya yi. Laka ta ɓata masa farar shadda, ƙaya ta fasa masa taya a hanyar Gwiwa. Daga nan ya gano hikimar malalata: ashe akwai famfo a bayan ofis. Sai ya riƙa jera kwalaben a gindinsa ya cika su, ya koma inuwa ya raba musu garuruwa da alƙalami. Wannan Babura, wannan Roni. Kafin hantsi ya gama zaga ƙasa, babur ko ɗumi bai yi ba.

In abokin aiki ya yi masa magana, sai ya ɗaga kwalba ya ce a duba, garau kamar hawaye, ruwa ai ruwa ne. Haka aka rene mu duka, wai abin da ido ya yarda da shi ciki ma zai yarda. Wanda ya ƙago wannan magana bai shawarci ƙoda ba.

Cikin kwalaben akwai mai ɗauke da sunan Kwarin Marke, ƙauyensu a ƙasar Roni, inda mahaifiyarsa Tasalla take. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, Ma'aikaci take ce masa, tana faɗa kamar mai tauna dabino.

Maƙwabciyarta Dela ce ta fara ƙorafi. Ta ce ruwan burtsatsen nan yana barin ɗaci a bayan harshe, tukunya tana yin farin ɓawo, shanun makiyaya ma sai su sansana kwami su wuce. Ta ce kada a cike tsohuwar rijiya tukuna, ruwa ba ya tsami banza.

Da Halliru ya zo gaisuwar salla, Tasalla ta tambaye shi a gaban mata. Ya gyara hula ya yi dariya.

"Inna, yanzu saniya ce za ta koya wa gwamnati aiki? Ni da hannuna na auna."

Shi ke nan, Tasalla ta sami sanda. Duk matar da ta ce ɗaci sai ta ce mata bakinta ne ya saba da laka. Ita ta tsaya aka cike tsohuwar rijiya, don a cewarta abin kunya ne garin da ya haifi ma'aikacin ruwa a gan shi da guga. Ta fi kowa shan sabon ruwan, a tsakar gida, don a gani.

Shekara huɗu ana haka. Ƙishirwa ta kama ta, ta sha ta sha ba ta ƙoshi. Hannu ya soma rawa har ludayi ya gagare ta. Wuya ya kumbura, ƙafafu suka bi. Ba ita kaɗai ba ce a garin, amma an ce tsufa ne, an ce sammu ne, an ce iska ce. An faɗi komai ban da ruwa, don ruwa yana da takarda.

A asibiti a Kano likita ya ce ƙodarta ta gaji. Da ya ga mutum na uku daga ƙauye ɗaya, sai ya nemi takardun awo. Ya tarar garuruwa goma sha biyu ruwansu iri ɗaya sak, kamar tuwon tukunya guda. Ya tura nasa mutumin ya ɗebo na gaskiya. Aka sami gishirin dutse iri-iri, har da wani mai suna litiyam, sun wuce abin da jiki zai ɗauka.

Likita ya zo bakin gado da takardar, ya tambayi Halliru ko ya san wanda ya sa wannan hannu. Halliru ya dubi takalminsa. Tasalla ce ta amsa, da ƙyar.

"Likita, nemi cutar a wani wuri. Kada ka ɗora wa ruwanmu. Ma'aikaci da kansa ya auna, ga shi nan tsaye."

Ta rasu bayan kwana tara, ba ta janye maganar ba.

Ranar sadakar uku Halliru na zaune kan tabarma yana karɓar gaisuwa. Takardar rufe burtsatsen ba ta iso ba tukuna, tana can kan teburin wani irinsa. Dela ta fito daga cikin gida da ƙwarya cike, hannunta ita ma yana rawa, ta ajiye a gabansa. Ruwa garau kamar hawaye.

"Sha, Ma'aikaci," in ji ta. "Ai ka auna."

Bai sha ba. Kowa ya ga bai sha ba.

Mai karatu, hasken ruwa ba shaidar lafiyarsa ba ce, sai an auna shi awo na gaskiya, rijiya rijiya. Kai kuma da aka damƙa wa awon, ka sani duk ƙaryar da ka cika a kwalba wani ne zai shanye ta, kuma ba kai za ka zaɓi wanda zai sha ba.