Ɗan Aladen da Ke Satar Fita

Kai da kake cewa magani sai na kwalba, zauna ka ji, ƙanena. A wani ƙauye can kudancin Kaduna an yi wata mata mai kiwon aladu, irin da ta gada wurin uwar mijinta. Uwar garken ta tsufa, ta yi haihuwar ƙarshe, 'ya'ya tara, ana yaye su ta mutu. In waɗannan suka bi ta, irin ya ƙare ke nan. Don tsoro sai matar ta kulle su a ɗakin siminti, wanka safe da yamma, abinci dusa zalla, wai kada su ci ƙazanta a waje. Sai ga zawo. Cikin mako ɗaya, uku suka mutu, sauran suka rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu. Akwai wani ɗan mitsitsi a cikinsu, ɗan banza mai ƙiriniya, kullum sai ya sulale ta magudanar ruwa, kullum sai ta koro shi da tsintsiya. Abin mamaki, shi kaɗai ne jikinsa ke sheƙi.

Wata safiya ta ajiye tsintsiyar, ta bi shi a hankali. Bai zame ko'ina ba sai bayan gidanta, wurin da take zubar da shara, take cewa za ta sa a share. Ya wuce mangwaro nunanne ko shinshinawa bai yi ba. Ya tauna ganyen gwaiba, ya tsince 'ya'yan gwanda, sannan ya kafa hanci a gindin shuwaka, ya tono saiwar nan mai ɗacin tsiya yana ci kamar rake. Matar ta tsaya riƙe da baki, ta ce, "Ikon Allah! Wa ya gaya maka?" Ni ma har yau in na tuna sai in yi mamaki: dabbar da ba ta yi wata biyu a duniya ba, babu uwa, babu makaranta! Ta tattaro ganyen gwaiban da 'ya'yan gwandan da saiwar nan ta shanya, ta daka, ta haɗa da garin zogale, tana barbaɗawa cikin dusa. Zawo ya tsaya, shidan nan duk suka rayu, jikokinsu na nan suna cika ƙauyen da gurnani. Shekara ashirin tana zubar da shara a kan maganin, ba ta sani ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.