Kwamfuta Ba Kwanon Jere Ba Ce

Ke da aka damƙa wa aji da 'ya'yan mutane, ajiye wayar nan ki saurara.

An yi wata malama a makarantar sakandaren wani ƙauye, gajeriyar mace, ba yawan magana, amma in ta kafe ko jaki ya sallama mata. Wata shekara wata ƙungiya ta kawo wa makarantar kwamfutoci, aka kafa musu sola a kan rufi, aka ɗauki hotuna, baƙi suka hau motarsu suka tafi. Hedimasta da ya ga abu na ƙyalli, sai ya yi musu abin da amarya ke yi wa kwanukan jere. Ya jera su a ɗaki guda, ya lulluɓe kowace da sabon ƙyalle, ya danna kwaɗo, ya rataya mabuɗi a wuya. Sai ranar da manya za su zo duba makaranta ake buɗewa, a zaunar da yara a gabansu, hannu a cinya, kowa an ja masa kunne kada ya taɓa. Malama kuwa aka ce ta koyar da kwamfuta a allo. Haka ta yi ta zana maɓallai da alli, yara na danna iska, kamar mai koya wa yarinya tuƙin tuwo ba tukunya ba muciya. Alhali kowa ya san jarrabawar da za ta kai yaran nan gaba a birni ake yin ta, a kan kwamfuta. Ta roƙi mabuɗi da lalama, ta sa dattawa suka roƙa, amsar ɗaya ce: "Malama, hannun da ya saba da fartanya ne. In suka fasa, wa zai amsa tambaya?" Ta ce, "Ni, ranka ya daɗe." Ya yi dariya, ya mai da mabuɗinsa cikin riga.

Wata Litinin da rana tsaka ta aro taɓarya a maƙwabta, malamai na tsaye suna kallo, ta yi ta bai wa kwaɗon nan kashi har ya faɗi. Da ta yaye ƙyallayen, ashe ɓera ya riga yara shiga, ya yi gida a bayan ɗaya, ya cinye wayoyinta. Ta share, ta zaunar da ajinta. Kafin wata ya zagayo wata yarinya ta tsaga gilashin guda, haruffa suka fara gogewa don yawan yatsu. Hedimasta ya kai ƙara ofis, ya hana sauran azuzuwa leƙa ɗakin, har da ɗan cikinsa, wai kada a sa sunan gidansa cikin masu ɓarna. Malama ta san kujerarta ta tafi, amma kullum safiya ita ke fara tura ƙofar nan. Da hukunci ya zo, aka jefa ta wani ƙauye bayan kogi, inda mota ba ta zuwa da damina. Ta ɗaure kayanta ta tafi, ba ta bai wa kowa haƙuri ba. Hedimasta ya sayo sabon kwaɗo. Ranar jarrabawa aka kwashi yara zuwa birni. 'Yan ajinta suka zauna kamar a tsakar gidansu, yatsu na gudu. Sauran kuwa, ga karatu a ka, amma ba su san ta inda za su zuba shi ba, suna lalube har aka ce lokaci ya ƙare. Ɗan hedimasta ya fito ya tarar da ubansa a bakin ƙofa, mabuɗi a wuya, ya ce, "Baba, na san amsar. Wurin dannawa ne ban gani ba."

To, kin ji. Gobe in kika shiga ajinki, ki bar yara su taɓa, in ya fashe ya fashe a hannunsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.