Mai ɗinkin hula da takardar zuba jari

Zauna ki ji wannan, ƙanwata, tunda kin ce kina tsoron kai kuɗinki inda ba ki sani ba. Akwai wata mata mai ɗinkin hula, shekara talatin tana bakin ƙofar ɗakinta da allura da zare. Da huluna ta ciyar da 'ya'ya, da huluna ta aurar da su. To, ido ya fara gajiya, sai ta kai zare bakin allura sau biyar bai shiga ba. Ta san aikin ya kusa barinta, kuma ɗan abin da ta tara shi ne zai riƙe ta in ta ajiye allurar, don ba ta so ta zauna tana jiran yara su aiko. A akwati kuwa kuɗin ƙanƙancewa suke yi, abin da ya sayi buhun masara bara, bana rabi ma da ƙyar. Sai maƙwabciyarta mai sayar da atamfa ta kawo mata wata takarda mai sheƙi. Wai asusu ne na zuba jari: mutane da yawa su tara kuɗinsu wuri ɗaya, wani masani ya riƙa juya musu, a raba abin da aka samu. Wai ribar bara ba a magana, ita har ta zuba nata. Baiwar Allah ta riƙe takardar nan kwana da kwanaki tana shafawa. Ranta yana so, amma wa za ta tambaya? A ganinta irin wannan sani na 'yan boko ne, sai an biya, kamar ganin likita. Sau biyu tana zuwa har ƙofar ofishin asusun, ta ga gilashi da masu kwat, ta dubi silifas ɗinta, ta juyo gida.

Ranar nan wata ƙawarta ta ƙuruciya, malamar firamare da ta yi ritaya, ta zo karɓar hular maigidanta. Kafin ta miƙa kuɗi sai ta juya hular ta duba cikinta, yadda duk wanda ya san hula yake yi, don ado a waje yake, amma hannun mai ɗinki a ciki ake ganinsa, inda ƙulli da tsallake suke ɓuya. Mai hula ta tsaya tana kallonta, can ta ɗauko takardar ta ce, "Malama, ita wannan ina cikinta?" Malama ta yi dariya, ta ce ai cikin a buɗe yake, ko sisi ba a biya. Suka shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya da wayar Malama. Ashe hukumar da ke sa ido a kan irin wannan harka ta jera sunayen asusun da ta yi wa rajista, kowa na iya dubawa. Ashe kowane asusu yana fitar da rahoto: me ya saya da kuɗin mutane, nawa yake cira ladan aiki, wa ke riƙe da shi. Malama na karantawa a hankali, ita kuwa tana tambaya irin ta mai sana'a: akwai kuɗin ruwa a ciki? Hannun wa ne? Nan suka gano masanin da ya kawo wa asusun mai sheƙi ribar bara ya bar wurin tun wata shida, sabon da aka kawo kuwa ba a ga ɗinkinsa ko ɗaya ba. Mai hula ta ce sunan shago ba ya ɗinka hula. Asabar uku suka yi suna dubawa, har suka sami wani asusu marar ƙyalƙyali, mace ɗaya ke riƙe da shi shekara takwas, in kasuwa ta faɗi nata ya ɗan rusuna ne kawai, ladanta ba yawa, ba ruwanta da kuɗin ruwa. Wannan karon da silifas ɗin nata mai hula ta shiga ofishinsu, ta ce a ba ta rahoto a takarda. Aka ba ta kyauta, har da kujera. Nan ta zuba ɗan abin da ta tara.

Ba wai ta yi arziki ba ne, a'a. Wani watan ya ƙaru, wani watan ya ɗan ragu. Amma da ta ajiye allura, cefanenta bai tsaya ba, ba ta kuma miƙa wa kowa hannu ba. Da asusun mai sheƙi ya durƙushe, mai atamfa ta shigo tana share hawaye da bakin mayafi. Mai hula ta ba ta ruwa, ta matsa mata a tabarma, ta aika a kira Malama, su duba mata inda za ta kai ɗan abin da ya rage. Ki tashi ki tambaya, ƙanwata, ba a kashe ko kwabo. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce matambayi ba ya ɓata.