Kwanon da Aka Ware Mini

Ina 'yar shekara takwas, wata Asabar da la'asar, Mama ta ware gyaɗar da za a kai coci don godiyar kaka, ta rufe da faifai. Na ɗaga faifan. Ta ce, "Ke, kul! Wannan ta Allah ce." Ni kuwa na dube ta ido cikin ido, na dumbuza, na watsa a baki.

Baba yana gindin mangwaro yana gyaran fartanya. Bai ɗauko bulala ba. Ya ce, "Zo nan, uwata. A dokar Isra'ilawan da, wanda ya yi laifi bisa kuskure, akuya yake kaiwa a yi hadaya, a yafe masa. Amma wanda ya sani ya take, babu akuyarsa. Raba shi ake yi da jama'arsa."

Na ce, "To ai muna da awaki uku."

Ya ce, "Ko goma ne."

Da aka sauke tuwo, 'yan'uwana suka kewaye akushi ɗaya kamar kullum, ana ture-ture ana dariya. Ni aka zuba mini nawa a ɗan kwano, can bakin rumbu. Har da tsokar nama, babu mai ƙwace mini, amma ko loma ɗaya ban kai baki ba. Sai da na durƙusa gaban Mama ina kuka, sannan Baba ya ce, "Ku matsa mata."

Yau a Landover, nan ƙasar waje inda nake zaune, jikokina kowa da farantinsa, kowa ya shige ɗakinsa. Ni kam, in ba kowa, sai na ɗauki tuwona na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata ƙofa.