Gangar da Ba a Kulle Ba

Ɗan'uwa, tunda ka ce abin da aka kulle an kulle ke nan, gyara zama in ba ka wani misali. Wani mai ɗaukar bidiyon biki ne ya rasu, ya bar tsohuwarsa da ƙanensa da wata tsohuwar kwamfuta ta kan tebur. Shekara goma sha yana bayan kyamara, ya ɗauki fuskar kowa a garin, tasa fuskar ba ta ko'ina. Da aka share makoki, tsohuwar ta ce wa ƙanen abu ɗaya take so kafin ta koma ƙauye ranar addu'ar arba'in: ta ƙara ganin tafiyar ɗanta. Ya tone kayan mamacin kaf, ya samu guntun bidiyo ɗaya na wani suna, ranar da wan nasa ya miƙa wa aboki kyamara ya shiga rabon goro. Sai dai hoton ya dushe kamar an hango mutum ta cikin ruwan kwata, ga idon tsohuwa ya yi rauni. Akwai manhajar da ke wanke irin wannan hoto, amma a wannan kwamfutar awa shida take ci, unguwarsu kuwa awa biyar ake ba su wuta, daga hantsi zuwa azahar, kuma in aka ɗauke wutar, aikin daga farko yake komawa. Kwana uku yana zuba ido, kullum saura ƙiris sai fanka ta yi shiru.

Sai ya ɗauki kwamfutar a ka ya kai wa wani dattijo mai gyara, ko za a ƙara mata sauri. Dattijon ya buɗe ta, ya nuna masa ƙwaƙwalwarta, wani ɗan abu kamar dutse, faɗin kwalin ashana. Ya ce masa a cikinta akwai makaɗi da mai rawa. Makaɗin yana buga ɗari, mai rawa kuma taku talatin da biyu yake yi a kan kowane bugu. Yawan takun nan masu ƙera ta sun kulle shi tun daga can, wadda ba a kulle ba ta masu hali ce. "To shi ke nan, Baba?" in ji ƙanen. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Kai dai da gaggawa kamar mai zawo. Ƙafar mai rawa suka ɗaure, wa ya ce maka sun ɗaure hannun makaɗi?" Ya nuna masa inda ake shiga saiti tun kafin ta gama tashi, ya kuma ja masa kunne cewa gangar nan ba ta mutum ɗaya ba ce, duk kayan cikin da ita suke rawa.

Da ƙanen ya koma gida, zuciya ta ɗebe shi, ya ɗaga bugun daga ɗari zuwa ɗari da ashirin da biyar a tashi ɗaya. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin, ta ƙi tashi. Ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, yana jin kamar sau biyu ke nan ya binne wansa. Can ya tuna da ɗan batirin nan mai kama da kwabo da dattijon ya ce a cire in ta suma. Ya cire, ya jira, ya mayar, ta farfaɗo a kan ɗarinta na da. Daga ranar bai ƙara tsalle ba. Bibbiyu yake ƙarawa, ya ba ta aiki mai nauyi, ya zauna yana kallon zafinta kamar mai jinya. In ta ƙame, ya ja da baya taku ɗaya. Da ɓangaren da ke riƙe mata aiki ya kasa bin sabon kiɗan, ya sassauta masa nasa takun. Da ƙwaƙwalwar ta fara haki, ya ƙara mata wuta ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya. Ya kakkaɓe ƙurar shekaru daga fankarta, ya goge busasshen man rage zafi da ke bayan ƙwaƙwalwar ya shafa sabo, ya cire murfin gefe ya juyo mata fankar ɗakinsa, shi kuwa ya zauna cikin gumi. Maƙwabta suka ce baƙin ciki ya taɓa shi, mutum ya wuni yana yi wa ƙarfe fifita. Shi dai ya ci gaba da aikinsa.

Ana jibi arba'in ya kai ɗari da ashirin da ɗaya, ta tsaya da ƙafarta ba ta ƙame ba. Washegari ana kawo wuta ya saki aikin. Iskar da ke fitowa daga cikinta kamar bakin tanda, amma ta riƙe. Ladan na gyaran murya aikin ya cika, yana gama ajiye shi a waya aka ɗauke wuta. Ya kai wa tsohuwa har kan tabarma. Ta matso da wayar daf da idonta, sai ga ɗanta tar, da tiren goro a hannu, yana ratsa mutane yana dariya. Ta sa yatsa a kan gilashin ta ce, "Ga shi nan, ja'iri. Har yanzu yana jan ƙafar hagun nan." Ta ce a mayar mata farko. Sau bakwai ana mayarwa.

Takun nan talatin da biyu har yau a kulle yake, ɗan'uwa, ba wanda ya buɗe shi. Amma tsohuwa ta koma ƙauye da tafiyar ɗanta a ƙullin zaninta. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse, har ya sha romonsa.