Aper Ya Share Kurmi

Tun da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Aper ya kasa zaune ya kasa tsaye. Manomin doya ne a wani ƙauye kusa da Assakio, kuma duk irin da ya mallaka ya riga ya binne shi a gonarsa da ke gangaren kurmin gidansu.

Shekara uku ke nan da kananzir ya yi wuya a garin Lafiya, masu sayen gawayi suka cika ƙauyuka. Aper ya rantse ba zai sare ɗanyen itace ba, kuma tsakani da Allah bai sare ba. Amma duk reshen da ya faɗi, duk kututturen da ya fara ruɓewa, sai ya kwashe. Ko ganye bai bari ba. Da shi da baƙar ƙasar da ke ƙarƙashinsa yake rufe itacen in zai yi gawayi. Kurmi ya yi fes kamar tsakar gida.

Wan mahaifinsa, Baba Orshi, ya taɓa tare shi a hanya.

"Ɗana, ruɓaɓɓen nan abincin ƙasa ne, shi ke riƙe mata ruwa. Kai kuma ka mayar da shi hayaƙi, gari na ƙara zafi."

"Haba Baba! Matacce fa nake ɗauka. Wa na kashe?"

Tsoho ya girgiza kai ya wuce.

To, yau da Aper ya hau kurmi ya taka ƙasa, sai ya ji ta da tauri kamar daɓe. Nan ya gane ruwa ba zai shige ta ba. Ya ƙwala wa matarsa Wandoo kira, suka shiga jera duwatsu a saman gona don su tare ruwa. Ina! Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwa ya kece. A da kurmi ke shanye shi ya sako a hankali, yau kuwa babu abin da ya tare shi. Ya gangaro ja wur, ya baje kunyoyi, ya yi rafi da irin doya, Aper na tsaye yana kallo.

Da ruwa ya ɗauke, Wandoo ta bi laka tana tsince. Abin da ta samu bai cika bakin zanenta ba.

"Maigida, me yaran nan za su ci baɗi?"

Aper ya ɗaga kai ya dubi kurmin da ya share fes.

Jama'a, busasshen reshe da ganyen daji ba shara ba ne. In muka ƙone su kaf, iska ta ɓaci, gona ta tafi. Mu ɗebi na girki, mu bar wa daji sauran.