Teburin Injiniya

Tsoro ya fara kama ni da na ga agogon kwamfutar saurayina. Kwana shida da dawowarsa, amma lokacin ƙasar waje yake nunawa.

Na kai shi kamfanin manhajar da ya ɗauke ni bayan jami'a, na nuna masa teburin da na roƙi oga ya ajiye masa.

"Injiniya, ga wurinka. Garin nan ya ci gaba fa."

Ya shafa teburin, bai zauna ba.

"Sau uku intanet ya yanke tun shigowarmu, 'yar gari."

"Ka dai san Baba ba zai yarda ka tafi da ni ba."

Ya kalli taga. "Idan na koma, ba ni sati biyu in yi tunani."

Yau sati biyar da komawarsa. Amsar nake jira.